Tsohuwar Motar Amurka Mai Ƙwanji: Wacce Ta Dace Da Ɗan Koyo?

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mutumin Nima ya shigo ofishinmu riƙe da wayarsa. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mana ita, ya ce, "Malam, ku da kuke karance-karance, ku duba mani abin da yaron nan yake so ya zuba kuɗinsa a ciki." Da muka duba sai muka ga hoton wata baƙar mota, doguwa, mai faɗin ƙirji, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. Dodge Charger ce ƙirar 1970. Ɗan nasa yana zaune a Bronx, cikin birnin New York, shekara shida ke nan yana tuƙin tasi ba dare ba rana, kuma abin da ya tara shi yake so ya sayi motar da shi, ya auno ta ta jirgin ruwa zuwa Tema. Mai motar yana wata jiha can arewa, yaron kuwa bai taɓa ganinta ido da ido ba, sai hotuna goma sha biyu.

Muka ce, "Ranka ya daɗe, so kake mu hana shi?"

Ya ce, "A'a. Guminsa ne, kuma ya riga ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki biyu. Ni dai kada a cuce shi, kuma kada ta kashe shi."

To, da yake mun san ba shi kaɗai ne a cikin samarinmu na zango da ke Amurka wanda wannan sha'awa ta kama ba, muka ga ya kyautu amsar da muka ba Alhaji mu shimfiɗa ta a wannan shafi.

Sunan da Amurkawa suka raɗa wa irin waɗannan motoci ma'anarsa ita ce mota mai ƙwanji, wato mota matsakaiciya mai ƙofa biyu wadda aka cusa wa injin da ya fi ƙarfin jikinta, mai silinda takwas, wanda ake kira V8. Galibin masana sun ɗauki Pontiac GTO ta 1964 a matsayin ta farko. A lokacin kamfanin General Motors yana da ƙa'idar cikin gida da ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota, sai John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye ta: suka ce ai ba sabuwar mota suka ƙera ba, ƙarin kaya ne kawai da mai sayen Tempest LeMans zai iya zaɓa in ya ƙara kimanin dala 300. Injin mai lita 6.4 ne, da ƙarfin doki 325. An yi zaton za a sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da 32,450. Daga nan kowane kamfani ya shiga gasar. Plymouth ya fito da Road Runner a 1968, Chevrolet ya kai Chevelle SS ta 1970 har lita 7.4 da ƙarfin doki 450, Chrysler kuwa yana da injinsa na Hemi mai lita 7.

Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora sun tsauwala wa samari kuɗi saboda yawan haɗari, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sa'an nan ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a watan Oktoba na 1973. Kafin ƙarshen 1974 an yi jana'izar abin. Shekara goma ke nan kacal, kuma duk motar da aka ƙera a cikinsu yau ta haura shekara hamsin. Wannan shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara sawa a ransa: tsohuwa zai aura, komai kwalliyar da aka yi mata.

Suna ake saye ko mota?

Da muka tambayi Alhaji dalilin da ya sa yaron ya nace sai Charger, sai ya yi dariya ya ce tun yana ƙarami ya gan ta a fim. Haka ne, baƙar Charger ta 1970 ta fito a fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, kuma tun kafin nan wata Charger ta 1968 ta yi tsere da koriyar Mustang ta Steve McQueen a titunan San Francisco a fim ɗin Bullitt. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ya kalli fim ɗin ba. Duk wanda ya kalla yana so, motocin kuwa ba a ƙera su da yawa ba: Charger ta 1968 kimanin 96,000 aka yi, ta 1970 ba ta kai 50,000 ba, kuma wasan talabijin na The Dukes of Hazzard shi kaɗai ya ragargaza sama da ɗari biyu daga cikin ƙirar waɗannan shekaru. Ga yadda suna yake tsada: ita waccan Mustang ta Bullitt an yi gwanjonta a Florida a watan Janairu na 2020 a kan dala miliyan 3.74, wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi kuma an sayar da ita dala miliyan 3.5 a 2014. Saboda haka in ka ga Charger da kuɗin da direban tasi zai iya biya, to ka tambayi kanka me ya sa masu kuɗin Amurka suka wuce ta. Araha dai ba ta ado.

Mu a ganinmu, motar farko ta ɗan koyo ita ce wadda aka ƙera da yawa, mai ƙaramin V8, mai lafiyayyen jiki. A nan babu wadda ta kama ƙafar Ford Mustang. An fito da ita ran 17 ga Afrilu 1964 a kan dala 2,368, aka sayar da sama da 400,000 a shekarar farko, kafin cikar shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Masu tsaurin ra'ayi za su ce mana ai Mustang ba ingarma ba ce, ƙuru ce, don Amurkawa ma suna da wani sunan daban da suke kiran irinta da shi. Mun ji, mun kuma yarda. Amma wanda bai taɓa hawa ba, ai ba da ingarman sarki ake koya masa riƙon linzami ba.

Amfanin yawa shi ne kayan gyara. Har gobe akwai kamfanoni a Amurka da suke ƙera kusan kowane ɓangare na tsohuwar Mustang sabo ful, tun daga robar gilashi, marikin ƙofa, wayoyin lantarki, har gangar jikin gaba ɗaya da izinin Ford. Injinta na 289, wato lita 4.7, da ƙanensa 302 sauƙi gare su kamar injin niƙa, kuma Ford ya ci gaba da sa 302 a motocinsa har 2001. A cikin Mustang ɗin ma akwai bambanci. A 1967 an ƙera mai rufi na sosai da but daban sama da 350,000, mai gangaren baya irin ta fim kuwa kimanin 71,000. Inji ɗaya, giya ɗaya, ƙara ɗaya, amma kuɗin ta biyun ya ɗara na farkon nesa ba kusa ba. Ɗan koyo ya ɗauki ta farkon.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da Ford ba, akwai Chevrolet Nova ta 1968 zuwa 1972 mai injin 350, lita 5.7. Wannan dangin inji tun 1955 ake yinsa, kuma a 2011 General Motors ya sanar cewa ya ƙera na miliyan ɗari. In kuwa lalle sai gidan su Charger, to a nemi ƙanwarta, Plymouth Duster ta 1970 zuwa 1976 ko Dodge Dart, mai injin 318, ko 340 in aljihu ya yarda. Sai dai a sani kamfanin Plymouth ya rufe tun 2001, Pontiac kuma a 2010, kuma ƙananan kayan adon jikin motocinsu sun fi na Mustang wuyar samu.

Kada kuma lissafin doki ya ruɗi kowa. Kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne tsirara, ba salansa, ba fanka, ba matatar iska, don haka adadin ya kan kumbura. Doki 200 da aka rubuta wa 289 bai kai 200 na yau ba. Toyota Camry mai silinda shida ta 2018 tana da 301 a ma'aunin zamani, za ta kuma bar yawancin tsofaffin nan a baya tana busa sanyi. Wanda ya sayi mai ƙwanji a yau, sura ya saya da ruri.

Tsatsa

A nan za mu daɗe, domin a nan ake cutar mutane. Inji in ya lalace ana sauke shi a gyara, ko a sayo wani a ɗora. Kowane fita a Suame Magazine na Kumasi ko Abossey Okai a nan Accra ya san wannan aiki. Amma jikin da tsatsa ta cinye kuɗinsa ba ya da iyaka, kuma sai an buɗe ake sanin zurfin ramin.

A jihohin arewacin Amurka, irin su Michigan, Ohio, Pennsylvania da New York, gishiri ake barbaɗawa a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a lunguna, ya yi ta cin ƙarfe shekara da shekaru. Motar da ta yi rayuwarta a busassun wurare kamar Arizona, Nevada ko cikin California, za ka tarar rana ta ƙona fentinta, kujeru sun tsattsage, amma ƙarfen yana nan garau. Mu dai da za a ajiye mana biyun, mai ƙonannen fenti za mu ɗauka mu bar mai sheƙi, don sabon fenti a tsohuwar mota sau da yawa lulluɓi ne. A kuma yi hattara da motocin da ambaliya ta shanye, irin ta New Orleans a 2005 da ta Houston a 2017. Warin ruma da busasshen taɓo a bayan allon mita su ne shaidarsu.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne yadda aka gina motocin. GTO da Chevelle suna da shasi daban, jiki a ɗore a kai. Mustang, Charger da Duster kuwa jikin shi ne shasin, an haɗe su da walda wuri guda. In tsatsa ta ci dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashi, ko akwatunan ƙarfen da ke bayan tayoyin gaba, to ƙashin bayan motar ne ya ruɓe, ba fata ba. Alamarsa ita ce ƙofa ta riƙa saɓawa wajen rufewa, ko tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa.

Don haka mai saye ya tafi da tocila, da sukurdireba, da ɗan mayen ƙarfe. Ya sa a ɗaga motar, ya shiga ƙarƙashi ya riƙa tsokanar ƙarfen. In sukurdireba ta nutse, ya yi sallama ya kama hanya. Ya bi gindin ƙofofi da bayan tayoyin baya da mayen ƙarfen nan: inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka yi fenti a kai. Ya ɗaga kafet, ya fitar da safayar taya ya duba kasan but. A Mustang akwai wani gwaji da bai kamata a tsallake ba: a zuba bokitin ruwa a ragar da ke tsakanin gilashin gaba da bonet, sa'an nan a leƙa wajen ƙafar direba. In ruwa ya ɗigo ciki, kwarin da ke ƙarƙashin ragar ya huje, gyaransa kuwa sai an cire gilashi an farke walda mai yawa. A Charger kuma gindin gilashin baya ne yake tara ruwa ya zuba cikin but. Duk wannan babu wanda hoto goma sha biyu zai nuna maka. Zuwa da kai ya fi saƙo, in kuwa ba hali, akwai masu duba tsofaffin motoci a biya su, kuma ladansu bai kai kuɗin taya huɗu ba.

Sai batun jabu. Da yake harafi biyu a jikin mota suna iya ninka kuɗinta, mutane da yawa sun sayi alamar SS ko GTO sun manna wa motar da ba ita ba. Lambar shasi ita ce mai faɗin gaskiya. GTO ta 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa. Chevelle SS 396 ta 1966 zuwa 1968 da 138 take farawa, amma daga 1969 lambar ba ta nunawa, sai takardun masana'anta. A Mustang, harafi na biyar shi ne na inji: T silinda shida ne, C da A kuwa 289 ne. In ka ga T a lamba amma V8 a ƙarƙashin bonet, an yi dashe ke nan, sai ka ƙirga notin taya. Mai silinda shida noti huɗu gare ta, da ƙananan birki, ta V8 kuwa biyar. Babban inji a kan ƙafar ƙaramar mota haɗari ne. Ba laifi ba ne mutum ya sayi motar da aka yi wa dashe in aikin ya yi kyau, laifin shi ne ya biya kuɗin ta asali. Mitar tafiya ma kada a dogara da ita, lamba biyar gare ta, tana kai mil 99,999 sai ta koma sifiri.

"Kada ta kashe shi"

Wannan rabin maganar Alhaji ita ta fi tsaya mana a rai. Motocin nan an yi su don gudu a miƙaƙƙen titi, tsayawa da shan kwana ba su dame masu ƙera su sosai ba. Da yawansu birki mai ganga gare su a ƙafa huɗu, wanda in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Kafin ƙirar 1967 kuwa tukunyar man birki guda ɗaya ce. Bututu ɗaya ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi gaba ɗaya. Daga 1967 aka raba ta biyu. Sandar sitiyari mai lanƙwashewa in an yi karo, maimakon ta soki ƙirjin direba, General Motors ya fara sa ta a 1967, Mustang ta samu a 1968, shekarar da aka wajabta bel mai ratsa kafaɗa. Jakar iska babu ita sam. Bugu da ƙari, a Mustang ta 1965 zuwa 1970 saman tankin mai shi ne daɓen but, saboda haka masu hankali suna sa farantin ƙarfe a bayan kujerar baya. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta gwabza Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da nauyin ƙarfenta, ita ce ta murƙushe har wajen zaman direba. Masu cewa motar da ƙarfe ce zalla su nemi hoton wannan gwaji su kalla.

Wannan ne ya sa a cikin dukan shekarun muka fi karkata ga 1968. Kuma kuɗin farko da za a kashe bayan saye, kafin fenti, kafin rediyo, a kashe shi wajen sa birkin faifai a ƙafafun gaba, da sababbin bututun birki, da sababbin tayoyi. Giya kuwa, otomatik ta fi wa ɗan koyo sauƙi, musamman in ya tuna cunkoson Circle da ƙarfe biyar na yamma.

In za ta zo gida

Abu ɗaya ya yi mana daɗi: tun ran 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka sitiyarin hagu na motar Amurka daidai yake da titinmu. Sauran kuwa sai an yi lissafi. Kwastan na Amurka ba sa barin mota ta fita sai an gabatar da takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin lodi. Jihar New York kuma ba ta ba motocin ƙirar 1972 zuwa baya irin wannan takarda, rajista ce mai canja hannu take bayarwa, saboda haka a tambayi kamfanin jigila tun kafin a biya mai mota ko takardar da ke hannu za ta wuce. A wannan gefen kuma kuɗin fito yana hawa ne bisa girman inji, ga tarar tsufa a kan motar da ta haura shekara goma. A 2020 majalisar dokoki ta zartar da gyaran dokar kwastan da ya hana shigo da irin waɗannan motoci da kuma waɗanda suka yi haɗari, daga baya aka dakatar da aiwatar da shi. Kada wanda ya biya dala ɗaya sai ya sami lissafi a rubuce daga wakilin fito mai lasisi a Tema.

Sai mai. Ƙaramin V8 mai lafiya yana shan kamar lita 14 zuwa 16 a kilomita ɗari, manyan kuwa suna haura 20. Daga Accra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne. Kowa ya yi lissafinsa. Manyan injunan kafin 1971 an yi su ne don fetur mai darma mai ƙarfi ƙwarai, wanda aka daina sayar wa motoci a gidajen mai a duniya baki ɗaya tun 2021, alhali 289 na talakawa da 318 suna tafiya lafiya da man gidan mai, musamman in an sa wa bawul ɗinsu mazauni mai tauri. Suna kuma son baƙin mai mai sinadarin zinki, wanda aka rage a man zamani. Lagireto na asali ba zai jure zafinmu da tsayuwa a cunkoso ba, a canza shi da babba na alminiyom tun motar tana can.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake mantawa. Notocin motocin nan da inci aka auna su, sifanun makanikanmu kuwa na milimita ne, na Toyota da Benz. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga, ta yi kamar ta kama, ta cinye kan notin. Akwatin sifanu na inci da littafin gyara na masana'anta su biyo motar a kwantena ɗaya, tare da kayan kafireto, fulogi, bel ɗin fanka, famfon ruwa da takalman birki. Kafireto kuwa a nemi dattijon fita wanda ya yi zamani da Peugeot 504, don yaran yanzu kwamfuta suka saba jonawa.

Abin da muka ce Alhaji ya gaya wa ɗansa ke nan: ya bar baƙar Charger ga mai ita. Ya nemi Mustang ta 1968 mai rufi na sosai, mai C ko J a harafi na biyar, daga busasshiyar jiha, wadda take tashi ta yi tafiya da ƙafarta, ko Nova, ko Duster in ya samu mai irin wannan lafiya. Kada ya kashe fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ya tara wajen saye, sauran na birki ne da jirgi da kwastan. Kuma ya riƙe ta a can shekara guda yana hawa ranar hutu, inda kayan gyara suke zuwa ƙofar gida cikin kwana uku, kafin ya yanke shawarar auno ta.

Alhaji ya sa muka rubuta masa haruffan a bayan wata ambulan, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Da zai fita sai ya juyo ya ce, "Malam, wannan mayen ƙarfen, a can zai saya ko in aika masa daga Nima?"